Tsakuwa huɗu a rijiya

Shekarata shida ina koyar da fiziks a makarantar sakandare kafin in gane cewa akwai darasin da nake rubutawa a allo duk shekara, ina cin gyaran yara a kansa, alhali ni kaina ban taɓa gwada shi da hannuna ba. Darasin faɗowar abu daga sama ne. Ƙa'idarsa gajera ce. Idan ka saki abu, ba jifa ka yi ba, to duk sakan ɗaya da ya yi yana faɗowa, gudunsa yana ƙaruwa da kusan mita 9.8 a sakan. Wannan adadin shi ake yi wa laƙabi da g, kuma a jarrabawar WAEC da NECO galibi cewa ake yi a ɗauke shi a matsayin 10 don sauƙin lissafi. Nisan da abin ya ci kuwa, rabin g za ka ɗauka ka ninka da lokacin, ka sake ninkawa da lokacin. Shi ke nan. 'Yan ajina na SS1 sun haddace wannan kamar karatun allo, ko tsakar dare ka tashe su za su biya maka.

Wata Talata mun gama tambayoyi biyar, kusan kowa ya ci, sai idona ya kai kan dutsen da muke tokare ƙofar aji da shi. Na ɗauke shi, na tsinci wata 'yar tsakuwa a bakin taga, na ɗaga su biyun, na ce in na sake su lokaci ɗaya wanne zai riga taɓa ƙasa. Kusan duk aji babban suka zaɓa. Monita, wanda bai faɗi ko ɗaya cikin tambayoyin nan biyar ba, shi ya ba ni amsar da ta hana ni barci.

"Malam, a littafi dai tare za su faɗo. Amma a zahiri babban ne zai riga."

Ban yi masa faɗa ba. Da wane bakin? Na san amsar littafi, amma da za a tsare ni a ce in rantse na gani da idona, da shiru zan yi. Kuma abin da yaron ya faɗa ba wauta ba ce. Abin da Aristotil, masanin Girka na zamanin da, ya koyar ke nan, cewa abu mai nauyi ya fi saurin faɗowa gwargwadon nauyinsa, masu ilimi kuma suka riƙe maganar kusan shekara dubu biyu. Abin da ya dame ni shi ne yadda ya raba duniya gida biyu, ta littafi daban, ta zahiri daban, kuma hankalinsa kwance yake da kowacce.

Na saki duwatsun a nan gabansu, suka faɗi kamar tare, amma aji ya ƙi yarda. Wai tazarar ta yi kaɗan, da daga can sama ne da babban ya tsere wa ƙaramin. Suna da hujja. Na ce to mu haɗu ranar Alhamis.

Wuri mafi tsayi a makarantarmu shi ne ƙarfen da aka ɗora tankin ruwa a kai. Da na je neman izini, firinsifal ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam, kai kaɗai za ka hau. Ko yaro ɗaya kada in gani a sama." Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Na aro tef a wurin wani magini, na auna mita biyar cif daga ƙasa, na ja layi da alli a jikin ƙarfen. A ƙasa muka ajiye wani tsohon tire na ƙarfe don mu ji ƙarar saukar, yara kuma suka ja baya suka yi da'ira, maigadi yana riƙe min tsani.

Gwajin farko ni na ɓata shi. Na riƙe babban da dama, ƙaramin da hagu, na sake, sai muka ji ƙara biyu, kuma babban ne ya riga. Ihu ya tashi. Na sauya hannu na sake gwadawa, wannan karon ƙaramin ya riga. Ashe hannuna na dama ne ke riga na hagu buɗewa. Sai na sa aka miƙo min guntun katako, na ɗora duwatsun biyu a bakinsa, na ture su da rula lokaci guda. Kwam! Ƙara ɗaya. Muka maimaita sau biyar, har da rabin bulo da ƙwallon goruba, ba mu ji ƙara ta rabu biyu ba. Monita ya ce a bar shi ya tsuguna kusa da tiren ya gani da idonsa, na hana shi, domin dutsen da ya faɗo mita biyar yana isowa da gudun kusan mita 10 a sakan, wato kamar babur mai tafiyar kilomita 36 a awa.

Ban gama sauka daga tsani ba wata ɗaliba, daga cikin masu zama a baya da ba su cika magana ba, ta ce, "Malam, to takarda fa?"

Tambayar da ya kamata a yi ke nan, don a nan ne abin da ido ya saba gani ya samo asali. Kowa ya ga ganye yana lilo kafin ya sauka, kowa ya ga gashin kaza yana yawo a tsakar gida. Na yagi takarda biyu daga littafina, na dunƙule ɗaya na bar ɗaya a shimfiɗe. Nauyinsu ɗaya, tunda daga littafi ɗaya suka fito, amma dunƙulalliyar ta faɗi tim, shimfiɗaɗɗiyar tana ta kai-komo. Sannan na ɗora shimfiɗaɗɗiyar a kan rajistar aji, na tabbatar ba ta leƙo ta gefe ba, na saki rajistar. Tare suka sauka, takardar ba ta ko ɗaga ba. Rajistar ta kawar mata da iska daga gabanta, sai ta faɗo kamar dutse. Ke nan ba rashin nauyi ke tsare takarda ba, turjiyar iska ce. Ƙa'idar littafi tana magana ne a kan faɗowar da jan ƙasa kaɗai ke tafiyar da ita, kuma dutse a tazarar mita biyar ya yi kusa da haka sosai. Da yamma na nemo bidiyon nan na 1971, washegari na nuna musu a waya: David Scott, ɗan sama-jannatin Amurka na tafiyar Apollo 15, yana tsaye a kan wata, guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗaya hannun. Ya sake su, suka sauka tare, a hankali, saboda can babu iska kuma jan wata bai wuce kashi ɗaya cikin shida na jan duniya ba.

Bari in ɗan ratse. Sau da yawa ina jin ana kiran wannan jan da maganaɗisun ƙasa, kuma na hana a ajina. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, bai san mangwaro ba, bai san katako ba. Jan ƙasa kuwa ba ya zaɓe. Sunan da ya nuna wa yaro ba daidai ba tun farko, sai ka shekara kana cire masa shi.

Saura dalili. Ƙasa ta fi jan babban dutse, wannan gaskiya ne, hannu ma yana jin haka. To me ya hana shi tserewa? Misalin da ya shiga kansu shi ne na kurar mai ruwa. Kura cike da jarkoki tana buƙatar turi mai ƙarfi kafin ta ɗauki gudu, wadda babu komai a ciki kuwa ɗan taɓi ya ishe ta. Babban dutse ana jansa da ƙarfi, amma shi ma ya fi wuyar motsawa, kuma daidai gwargwadon da jan ya ƙaru, daidai nan wuyar ta ƙaru, sai suka cinye juna. Wannan bayanin daga dokokin motsi na Niyuton, masanin Ingila, na 1687 ya fito. Amma tun kafin shi Galileyo, mutumin Italiya, ya ɗaure maganar Aristotil da tambaya ɗaya: idan ka ɗaure ƙaramin dutse a jikin babba ka sake su, yaya ke nan? In ƙaramin ya fi nawa, ya kamata ya ja babban baya su rage gudu. Amma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, ya kamata su ƙara gudu. Magana ɗaya ta haifi amsa biyu masu karo da juna. Na bar su da wannan suka tafi tara suna gardama.

Da a nan na tsaya da na huta. Sai zuciya ta ce min tunda muna da mita biyar a aune, me zai hana mu auna g da kanmu, mu ga ko 9.8 ɗin gaskiya ce. A takarda abin ba komai: ka ninka tsayin sau biyu, ka raba da lokaci, ka sake rabawa da lokaci. Na tara wayoyin malamai shida, na ba yara shida, kowa ya buɗe agogon ƙidayar sakan. In na ce "tafi" su danna, in sun ji ƙarar tire su sake dannawa.

Abin da muka samu abin dariya ne. Wani ya ce sakan 0.8, wani 0.9, wani 1.1, wani har 1.3. Da muka saka a ƙa'ida, mai 0.8 ya ba mu g na 15.6, mai 1.3 ya ba mu 5.9. Wani yaro ya ce ke nan a tsakanin inda wane yake tsaye da inda wance take, ƙasa ta sauya hali. Na ji kunya, ba zan ɓoye ba, domin na zo in tabbatar musu da littafi, ga shi na ƙara musu shakka. Faɗowar duka sakan ɗaya ce da ɗan ɗoriya, kuma tunda lokaci sau biyu yake shiga lissafin, kuskurensa ma ninkuwa yake yi.

Don su ga inda matsalar take, na ciro naira dubu sabuwa daga aljihu. Na riƙe ta ta sama tana reto, na ce wanda ya isa ya zo ya buɗe yatsu biyu a tsakiyarta ba tare da ya taɓa ba, in na saki ya cafke, in ya kama tasa ce. Layi ya yi tsawo. Mutum goma sha ɗaya suka gwada, kuɗina yana nan. Takardar tsawonta kusan santimita 15 ne, rabinta bakwai da rabi, kuma abu yana faɗo wannan tazarar a cikin sakan 0.12 kacal. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, yatsu su rufe, ɗan Adam yana cin kusan sakan 0.2. Muka sake da rula, yawancinsu a wajen santimita 20 suke cafke ta, wanda ya yi daidai da 0.2 ɗin nan. Ɗaya ya kama kuɗin a ƙarshe, amma fuskata yake kallo, ya rufe yatsu kafin in saki, aji da kansa ya yanke hukuncin ya yi maguɗi. To mutumin da hannunsa ke makara da kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ta yaya zai auna abin da duk tsawonsa sakan ɗaya ne?

A daren nan na koma karatun Galileyo da wani ido daban. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne ya hau karkatacciyar hasumiyar Pisa ya saki ƙwallaye, amma wannan daga bakin almajirinsa ya fito bayan rasuwarsa, kuma masana tarihi da dama suna shakkarsa. Abin da shi ya rubuta a littafinsa na 1638 ya fi burge ni, don matsalata ce ta same shi, kuma shi ko agogon hannu ba shi da shi. Da ya ga faɗowa ta fi ƙarfin awonsa, sai ya rage mata gudu: ya gangaro da ƙwallon tagulla a kan dogon katako mai ɗan gangare. Lokaci kuma da ruwa ya auna shi, yana tarar abin da ya tsiyayo daga wani mazubi yayin gangarowar, ya ɗora a ma'auni. Da wannan ya gano cewa idan ka raba lokaci kashi-kashi daidai, nisan da abin ke ci a kowane kashi yana tafiya ne 1, 3, 5, 7. Ka tara su ka samu 1, 4, 9, 16. Wato lokaci ya ninka biyu, nisa ya ninka huɗu.

Wannan ana iya jin sa da kunne, kunne kuma ya fi yatsa kaifi. Na je garejin wani bakanike na roƙi tsofaffin noti goma sha biyu, na sayi zaren ɗinkin buhu. A zare na farko muka ɗaura noti shida, tsakanin kowane biyu mita ɗaya daidai. A na biyu muka ɗaura na farko a ƙarshen zaren, na biyu a santimita 20, na uku a 80, na huɗu a 180, na biyar a 320, na shida a 500. Wanda ya duba tazarar da ke tsakani zai ga 20, 60, 100, 140, 180, wato 1, 3, 5, 7, 9 ɗin Galileyo. Aikin ɗaurin ya ci mana darasi guda, don zaren yana miƙewa in noti ya yi masa nauyi, sai da muka rataye shi muka sake aunawa.

Na hau, na sako zare na farko har notin ƙasa ya taɓa tire. Kafin in saki na tambaye su wane irin kiɗa za su ji. Suka ce tunda tazarar daidai take, ƙarar ma daidai za ta zo. Na saki. Shiru na ɗan lokaci, ƙwal, sannan sauran suka biyo a guje suna hawa kan juna, kamar an zazzage tsaba a kwano. Na ɗauko zare na biyu, wanda a ido ba shi da tsari ko kaɗan, na saki. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Bugu biyar a jere, babu wanda ya matse wani, kamar luguden mata a turmi. Tsakanin kowane bugu da na bayansa sakan 0.2 ne. Ban ce komai ba. Ɗalibar nan mai tambayar takarda ita ta ce a sake, aka sake har sau uku, na uku ma sun rufe ido ne suka saurara.

Adadin g kuwa wayar malamar lissafi ce ta fitar da mu. Bidiyo ba komai ba ne illa hotuna da ake jerawa da sauri. Yawancin wayoyi suna ɗaukar 30 a sakan, tata kuma tana da irin ɗaukar nan da yara ke kira sulo, mai hoto 240 a sakan. Muka kafa wayar a kan benci don kada ta girgiza, aka ɗauki dutsen tun daga barinsa katako har ya bugi tire, muka juye a kwamfuta muna matsawa hoto ɗaya-ɗaya. Aiki ne mai gajiyar da ido. A farkon faɗowar da ƙyar za ka ce dutsen ya motsa tsakanin hoto da hoto, har muka yi musu a kan wanne ne hoton farko, can kusa da ƙasa kuwa tsalle yake yi. Yara uku suka ƙirga daban-daban, muka tsaya a kan 243. Raba da 240, ya ba da sakan 1.01 da ɗan kai, g kuma ya fito 9.75. Aji ya ɗauki tafi. Na tsayar da su na ce kada mu cika baki, domin da 242 muka ƙirga da 9.84 za mu samu. Asalin adadin ma ba ɗaya ba ne a ko'ina: kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda muke, wajen 9.78 ne, a can ƙuryar arewa da ta kudu kuma 9.83, saboda juyawar duniya da kuma 'yar tumbin da take da shi a tsakiya. Awonmu bai kai ya bambance waɗannan ba. Amma daga tsakanin 6 da 15 zuwa 9.75, an yi tafiya.

Mako na gaba muka juya abin sama. Mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon makaranta a ajina yake, na ba shi goruba na ce ya cilla ta sama iya ƙarfinsa, a miƙe. Maigadi yana gefe yana kallo, ya ce, "Malam, wannan ai ba sai an je boko ba. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo." Na ce, "Gaskiyarka Baba, mu yaushe zai faɗo muke nema." Bidiyo ya nuna sakan uku daga barin hannu zuwa dawowa daidai tsayin hannun. Hawa ɗaya da rabi, sauka ɗaya da rabi. Ke nan ta tashi da gudun mita 14.7 a sakan, ta kai tsayin mita 11, kuma da irin gudun da ta tafi ta dawo.

Sai na tambaye su, a can ƙololuwa, lokacin da gorubar ta tsaya cak, nawa ne ƙaruwar gudunta? Baki ɗaya suka ce sifiri. Wannan tarkon duk shekara yana kama yara, ni ma ya kama ni ina ɗalibi. Gudun ne sifiri, na ɗan ƙiftawar ido, amma ƙasa ba ta saki ba. Da jan ya tsaya a wannan lokacin, da gorubar ta zauna a sama abinta. Jan da yake rage mata mita 9.8 a sakan tana hawa, shi ne dai yake ƙara mata tana sauka, bai huta ba kuma bai juya ba. Abin da ke ruɗar ido shi ne tana daɗewa a can sama: a cikin sakan ukun nan, sakan guda cur tana yin sa ne a cikin mita ɗaya da 'yan kai na ƙarshe. A lissafi kuma, in ka zaɓi sama a matsayin ƙari, to g ragi ne tun daga tashi har sauka. Rabin makin da yara ke zubarwa a wannan babin, a sauya alamar nan a tsakiyar hanya suke zubar da shi.

Monita ne ya kawo maganar rijiya. Ya ce tunda da lokaci ana sanin nisa, me zai hana mu auna rijiyar unguwarsu ba tare da igiya ba. Na ga yaron da ya raba littafi da zahiri yau shi ke neman ya kai littafi bakin rijiya, ai ba na ce a'a ba.

Ba a tashi haka kawai a jefa abu a ruwan da jama'a ke sha. Na je wurin mai unguwa, ya tura ni ga dattijon da ya haƙa rijiyar tun yana da ƙarfinsa, wanda har yanzu shi ke kula da yasarta. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam, rijiyar da muke sha za ku yi wa jifa?" Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗin tsakuwa ce ƙarama, a wanke ta tas, kada ta wuce huɗu, kuma yana tsaye. Na ce, "Baba, zurfinta nawa?" Ya ce, "Gaba goma sha huɗu. Da hannuna na haƙa."

Ranar Asabar da hantsi na je da yara takwas, biyu kawai na bari suka matso bakin rijiyar. Ɗaya ya riƙe tsakuwa daidai da bakin, ɗaya yana ɗaukar bidiyo yadda za a ga buɗewar hannu, a kuma ji ƙarar ruwa. Tsakuwa ta farko ta bugi bango, ta tafi a banza. Ta biyu wani jaki ya yi kuka a daidai lokacin. Ta uku da ta huɗu suka fita tsaf: hannu ya buɗe, shiru, sannan tsulum daga can ƙasa. Duka biyun hoto 63 muka ƙirga, a waya mai 30 a sakan, wato sakan 2.1.

A inuwar dalbejiya muka zauna lissafi. Rabin 9.8 sau 2.1 sau 2.1 ya ba da mita 21.6. Na ce su dakata, ƙarar da muka ji ai sai da ta hawo daga ƙasa, ita ma ta ci lokaci. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan, a wannan zurfin ya ci wajen sakan 0.06. Muka cire, saura 2.04, amsa ta koma mita 20.4. Ɗan wannan gyaran ya rage fiye da mita guda. Sannan na roƙi Baba ya buɗe hannuwansa, muka auna gabansa da tef daga yatsa zuwa yatsa, mita 1.72. Sau goma sha huɗu, ya haura mita 24.

Mita 20 da mita 24. Na duba lissafin sau biyu ban ga kuskure ba, gumi ya fara keto min. Baba ya tambaya me takardar ta ce, aka ce masa gaba goma sha biyu ba kaɗan. Ya yi dariya har da buga sanda.

"Malam, tsakuwar taku a ina ta yi ƙara?"

Na ce a ruwa.

"To ni ƙasa na haƙa, ba ruwa ba."

Ya sa aka zura guga a hankali har ya ji ya taɓa ruwa, ya ƙulle igiyar a daidai bakin rijiya, aka jawo. Ya shiga aunawa da hannuwansa yana ƙirgawa a fili, yara suna amsawa. Goma sha ɗaya, sannan ta ƙarshe ta tsaya masa a wuyan hannu, saura kaɗan ta cika goma sha biyu. Sauran gaba biyun suna ƙarƙashin ruwa.

Monita ya ci gaba da nasa lissafin a gefe, ya ɗago ya ce tsakuwar ta isa ruwa da gudun mita 20 a sakan, kilomita 72 a awa. Na fassara wa Baba da cewa kamar mota ce a kan kwalta. Bai yi mamaki ba. Ya cire hularsa ya nuna mana wani tabo a tsakiyar kansa, ya ce tsakuwa ce da ba ta kai ƙwallon dabino ba, wani yaro ya turo ta da ƙafa yana ƙasa yana haƙa, shi ya sa in suna aiki ba sa barin kowa ya tsaya a baki.

Muna haɗa kayanmu ya kira ni. "Malam, huɗu kuka jefa, na ƙirga. Ranar yasa ka turo min yaran nan su ja igiya."

Na rubuta sunayen mutum takwas ɗin a bayan takardar lissafin na ba shi.